Hutun Mai Bi: Abin da Muka Koya a Gidan Namun Daji na Kano

Karatu: Fitowa 16 da 23:12, Ayuba 38 da 39, Markus 6:30-32.

A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani abu wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba, wato hutu. Mun sha jin gargaɗi a kan ƙwazon aiki, da baiko, da zuwa sujada da wuri, duk kuwa daidai ne. Amma yaushe rabonmu da jin mai wa'azi ya ce wa jama'a su je su huta? Mu kanmu masu rubuta wannan ba mu taɓa faɗa ba, sai da wata ƙaramar yarinya ta ba mu kunya.

Ga yadda aka yi. Ran wata Asabar cikin hutun makaranta muka kwashi yaran makarantar Lahadi zuwa Gidan Namun Daji, wanda mutanen Kano su ke ce da shi Gidan Zu. Yawancin yaran daga Gyadi-Gyadi da Tarauni da Unguwa Uku su ke. Tun da sauran mako biyu muka roƙi iyaye maza su raka mu, gama yaran sun fi ƙarfin malamai biyu. Kowa ya kawo hanzarinsa. Wannan yana da aiki, wancan yana da taro. Da ranar ta zo, uba 3 kaɗai muka gani.

Ɗaya daga cikinsu mai tuƙa a-daidaita-sahu ne. Da muka isa bakin ƙofa sai ya ce mana shekararsa 11 yana bin wannan titi, ya sauke fasinja a nan ba iyaka, amma bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Muka shiga. 'Yarsa mai shekara 7 ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Da suka zo wurin birai, wani biri ya miƙo hannu kamar mai bara, sai mutumin ya fashe da dariya har da hawaye. Yarinyar ta bar kallon biri ta tsaya tana kallon ubanta. Can sai ta zo ta ja zanen malamarta ta ce, "Malama, ashe Baba ya iya dariya."

Mutumin nan mutumin kirki ne. Ba ya shan giya, ba ya dukan matarsa, ba ya fashin sujada. Ya kan fita tun yara suna barci, ya komo bayan sun kwanta, domin su ci su ƙoshi su yi makaranta. Duk da haka 'yarsa ta yi shekara 7 a gidansa ba ta san dariyarsa ba. Mu nawa ne haka? Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan.

WURIN DA MU KE ZAUNE

Bari mu fara duban unguwanninmu. Ƙidayar shekara ta 2006 ta nuna mutanen Ƙaramar Hukumar Tarauni sun haura 220,000, ga shi kuwa tun daga lokacin ba a daina haihuwa ba, ba a kuma daina shigowa daga ƙauyuka ba. Wanda ya san Gyadi-Gyadi ya san yadda gida ya ke jingine da gida, shago da shago. Titin Zariya ba ya barci. Ga motocin tashar Unguwa Uku, ga masu zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano dare da rana, ga hayaƙi, ga ƙarar injuna idan an ɗauke wuta. Yara da yawa ba su da wurin wasa sai bakin kwata da gefen titi.

Dā Kano ba haka ta ke ba. Sa'anda matafiyin nan Barth, mutumin Jamus, ya zo Kano a 1851, ya tarar da gonaki da fili mai yawa a cikin ganuwa kanta. Yau an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, gonakin bayan ganuwa kuma sun zama unguwanni. Ba mu ga laifin kowa ba, gama dole mutane su sami wurin kwana. Amma mun yi hasarar wani abu. Siminti da kwalta da kwanon rufi su kan sha zafin rana duk yini, da dare su riƙa amayar da shi. Shi ya sa a watan Afrilu, sa'anda zafi ya kan kai awo 40, ɗaki ya kan zama kamar tanderu har tsakar dare. Itace kuwa yana tare rana da ganyensa, yana kuma jawo ruwa daga ƙasa yana fitar da shi ta ganye, sai iskar da ke kewaye da shi ta yi sanyi. Wanda ya fito daga Titin Zariya ya shiga ƙarƙashin itatuwa, jikinsa zai gaya masa bambancin tun ba a yi masa bayani ba.

To, a maƙwabtanmu akwai wurin da aka bar wa itatuwa. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na fari kuwa shi ne Alhaji Audu Bako, Kwamishinan 'Yan Sanda, wanda ya yi mulki har 1975. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, a zamaninsa kuma aka keɓe babban fili aka yi Gidan Namun Daji, aka buɗe shi a 1972. Da sunansa a ke kiran wurin. A lokacin nan bayan gari ne, amma yanzu gari ya kewaye shi ta kowane gefe, har a 2020 gwamnatin jiha ta yi maganar mayar da shi wajen Tiga. Daga Dangi, inda Titin Gidan Zu ya haɗu da Titin Zariya, tafiya kaɗan ce. Ran Salla da Kirsimati da sabuwar shekara wurin ya kan cika maƙil, amma sauran ranaku mutum zai sami inuwa ya shimfiɗa tabarmarsa. Mutane suna zuwa daga garuruwa masu nisa domin su gan shi, mu da ke kusa muna wucewa ta ƙofarsa da sauri.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA MANA

Ku buɗe Farawa sura 2. Wurin zama na fari da Allah ya shirya wa mutum lambu ne. Ku lura kuma, sa'anda a ke bayanin itatuwan lambun, an ambaci kyaunsu ga ido kafin a ambaci amfaninsu ga ciki. Allah ya ba Adamu aiki a wurin, ya noma lambun ya kiyaye shi, saboda haka aiki abu ne mai kyau tun kafin zunubi ya shigo. Amma a rana ta shida aka halicci mutum. Cikakkiyar ranarsa ta fari a duniya ranar hutu ce. Bai riga ya yi wani aiki da zai ce ya cancanci hutu ba, kyauta aka ba shi.

Ku duba Isra'ilawa kuma. A Masar bayi ne, bawa kuwa ba shi da ranar hutu. Da Musa ya roƙa a bar su su tafi su yi sujada, Fir'auna ya zarge su da lalaci, ya ƙara musu aiki. Da Allah ya fisshe su, ɗaya daga cikin darussan fari da ya koya musu a jeji shi ne yadda a ke hutawa. Ya ba su manna kowace safiya, kowa ya tara na yini ɗaya. Waɗanda suka ɓoye na gobe suka tarar ya yi tsutsa ya yi wari. A rana ta shida suka tara ninki biyu, wannan kuwa bai lalace ba. Duk da haka waɗansu suka ɗauki kwandunansu suka fita a rana ta bakwai, ba su sami kome ba. Me ya fitar da su? Ba yunwa ba ce, gama da abinci a alfarwarsu. Rashin dogara ne. Sun kasa gaskata cewa idan hannunsu ya tsaya yini ɗaya, hannun Allah ba zai tsaya ba.

Ku tuna da annabi Iliya, cikin 1 Sarakuna sura 19. Bayan babban aikin da ya yi a Dutsen Karmel ya gudu cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da waina da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Daga baya ne ya yi magana da shi. Allah ya san akwai baƙin cikin da gajiya ce uwarsa.

Ubangijinmu Yesu kuma haka ya yi da almajiransa. Cikin Markus sura 6, sun komo daga wa'azi, jama'a suna ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba. Aikin Allah su ke yi, ba na kansu ba. Duk da haka ya sa su cikin jirgi ya nufi wurin da ba kowa domin su huta. Yohanna kuma ya gaya mana cikin sura 18 cewa akwai wani lambu a hayin rafin Kidron inda Yesu ya saba zuwa tare da almajiransa, har Yahuda ya san inda zai same shi. Wato Ubangijinmu yana da lambun da ya kan fita zuwa daga hayaniyar Urushalima. Idan Ɗan Allah ya ga amfanin wannan, wane ne mu?

DARASIN AYUBA

Sa'anda mu ke zagayawa da yaran nan daga keji zuwa keji, sai littafin Ayuba ya faɗo mana a rai. Ayuba ya yi hasarar dukiya da 'ya'ya da lafiya. Abokansa suka yi ta kawo masa dogon bayani, bai sami sauƙi ba. Da Allah ya tashi amsa masa, a sura 38 da 39, bai bayyana masa dalilin wahalarsa ba. Sai ya zagaya da shi cikin halitta. Ya nuna masa zaki da hankaka, da awakin dutse, da jakin jeji, da ɓauna, da jimina, da doki, da shaho, da gaggafa. A kan kowanne ya tambaye shi ko shi ne ya ke ciyar da su, ko shi ne ya san lokacin haihuwarsu, ko da hikimarsa su ke tashi sama. Ayuba ya rasa ta cewa, ya sa hannu ya rufe bakinsa, a nan kuwa zuciyarsa ta fara kwanciya.

Mun tsaya gaban jimina muka tuna da wannan. Ga tsuntsuwa wadda ta fi kowane tsuntsu girma a duniya, tana da fukafukai amma ba ta tashi, a guje kuwa tana iya kaiwa kilomita 70 cikin awa ɗaya. Ƙwanta ɗaya ya fi ƙwan kaza 20 nauyi. Ba a nemi shawararmu ba sa'anda aka yi ta. Muka ga kada kwance a bakin ruwa bakinsa a buɗe, yaran suka ce yunwa ya ke ji, malami ya gaya musu zafin jikinsa ya ke ragewa, gama ba ya gumi kamar mu. Muka ga kura, wadda yaran suka sani cikin tatsuniya kaɗai. Gani ya kori ji.

Ga darasin. Mutumin da ya ke yini tsakanin bango huɗu, duk abin da idonsa ya ke gani aikin hannun mutum ne: gini, mota, kuɗi, waya. A kwana a tashi sai ya ɗauka duniya duka a kan wuyan mutum ta ke, gidansa kuma a kan wuyansa shi kaɗai. Daga nan barci ya kan ƙaurace masa. Amma sa'anda ya fita ya ga itacen da ba shi ya shuka ba, da dabbar da ba shi ya halitta ba, sai ya tuna akwai Mai riƙe da duniya tun ba a haife shi ba. Wanda ya tuna da wannan ya sami hutu, ko da bashinsa yana nan. Wanda ya manta da shi kuwa, ko ya yini a kan katifa zai tashi da gajiya.

Mun ga zaki kuma yana kai da kawowa a cikin kejinsa, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗaya daga cikin iyayen da suka raka mu ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "Kamar ni tsakanin Gyadi-Gyadi da Sabon Gari." Muka yi dariya, amma maganar ta bi mu har gida. Shi zaki ba shi ya kulle kansa ba.

HANZARI UKU

Mun san abin da waɗansu za su ce, gama mun riga mun ji shi.

Na fari zai ce, "Ni abin da na samo yau shi za a ci yau. Idan na huta, wa zai ba mu?" Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa za mu raina ta ba. Mai albashi ba shi da bakin yi wa mai aikin yini wa'azin hutu da ɗaga murya. Ba za mu kuma yi maka alkawari cewa kuɗin yinin da ka huta za su faɗo daga sama ba. Amma ka yi lissafi, ɗan'uwa. Injin kekenka ma ka kan tsayar da shi a sake masa mai, don ka san idan ya buga, hasarar ta fi ta yini ɗaya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Yawancin masu shi ba su jin kome sai ranar da ya kayar da su. Mai tuƙi da tela da akawu su kan koma gida a gajiye, alhali jikinsu bai motsa ba duk yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri, yaro kuwa minti 60 kowace rana. Rigakafi ya fi magani. Idan yini ɗaya ya fi ƙarfinka, ka fara da yamma ɗaya. Idan kuɗin shiga Gidan Zu ya gagara a wannan wata, inuwar darbejiya kyauta ce, tafiya da yaranka da la'asar kuma ba a biya. Ekklesiya kuma kada ta yi shiru. Idan akwai ɗan'uwa a cikinmu wanda ba ya iya hutawa ko sau ɗaya don tsoron yunwa, wannan abin dubawa ne ga dattawa.

Na biyu zai ce, "Yawon shan iska al'adar Turawa ce, iyayenmu ba su yi ba." Ka tuna da kyau. Iyayenmu suna da gindin tsamiya da gindin kuka inda a ke hira. Suna da dandali da farin wata, da tatsuniya a bakin kaka. Bayan an gama girbi suna da watannin da jiki ke sararawa, a yi zumunci a yi biki. Ba su bukaci a keɓe musu lambu ba, don a cikinsa su ke zaune. Zaman birni ne ya raba mu da wannan. Turawa ma sai da masana'antu suka cusa su cikin birane masu hayaƙi suka ga tilas a keɓe fili. A 1847 aka buɗe lambun Birkenhead kusa da Liverpool a Ingila, wanda aka yi da kuɗin jama'a domin talaka da mai kuɗi su shiga. A 1921 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya cewa ma'aikacin masana'anta ya sami hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7. Abin da Allah ya ba bayin da suka fito daga Masar, shi duniya ta komo tana nema da takarda da sa hannu.

Na uku zai ce, "Lahadi ranar Ubangiji ce, ba ta yawo ba." Gaskiya ne ranar Ubangiji ce, kada kuwa kowa ya ce mun ce a bar sujada a tafi kallon birai. Sujada ita ce gaba. Amma ku tuna ran Asabaci ne Yesu da almajiransa suka bi ta cikin gonaki, Farisawa suka yi gunaguni, ya nuna musu cewa don amfanin mutum aka ba da ranar. Uban da ya fito daga sujada ya kai iyalinsa ƙarƙashin itatuwa, suka ci abinci tare, suka yi godiya, bai ɓata ranar ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba, kada a matsa masa, ga Asabar nan, ga ranakun hutun gwamnati.

LAIFINMU NA EKKLESIYA

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau da yawa ekklesiya ce ta ke cinye ɗan hutun da ya rage wa mutanenta. Da yawa daga cikinmu su kan tashi tun da asuba ran Lahadi su tafi har Sabon Gari sujada. Bayan sujada ga taron kwamiti, ga taron kabila, ga koyon waƙa. Litinin addu'a, Talata zumuntar mata, Laraba nazarin Littafi, haka har mako ya zagayo. Kowanne mai kyau ne, amma mutane kaɗan ne su ke ɗauke da dukansu. Mun san dattijon ekklesiya wanda ya san matsalar kowane gida, 'ya'yansa kuwa sai su yi kwanaki ba su zauna da shi ba. Muna roƙon fastoci da dattawa su duba jerin tarurrukansu, su bar yamma ɗaya a mako, ko Lahadi ɗaya a wata, wadda ba za a kira kowa ba. Su kansu fastoci su fara ba da misali.

Ku sake karanta Fitowa 23:12. Allah bai ba da hutu ga maigida kaɗai ba. Ya ambaci sa da jaki, da ɗan baiwa, da baƙo. Wato ba a gama kiyaye wannan umarni ba sai na ƙasa da kai ya huta. To, wa ke hutawa a gidajenmu? Ran Lahadi uwargida ce ta ke fara tashi, ta yi wa yara wanka, ta dafa abinci, ta karɓi baƙi, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. Maigida, yaushe ka taɓa ce mata yau kada ta hura wuta? Yarinyar da ke yi muku aiki fa, wadda aka kawo daga ƙauye? Idan za ku fita da yaranku, kada ku bar ta da tulin wanke-wanke. Ita ma yarinya ce, ita ma tana so ta ga jimina. Mai shago kuma ya tuna da yaran shagonsa.

Akwai kuma waɗansu maƙwabta da ba su da hutu ko kaɗan, wato masu jinya a asibitin da ke unguwarmu. Waɗansu daga garuruwa masu nisa suka zo, sun yi makonni suna kwana a tabarma. Idan muna da ɗan'uwa a cikinsu, kai abinci yana da kyau, amma wanda ya ce, "Je ki ki yi barci, zan zauna da shi har la'asar," ya yi babbar hidima. Ba da hutu ga wani shi ma baiko ne.

IDAN ZA MU TAFI

Ga 'yan shawarwari daga abin da muka gani.

Ku shirya tun da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ku riƙa ajiye 'yan kuɗi kaɗan kaɗan, kada a ci bashi don a je yawo. Ku dafa abinci daga gida, ku ɗauki ruwa da tabarma. Da bazara ku je da safe ko da la'asar, da hunturu ku sa wa ƙanana rigar sanyi. Wanda ba ya son turereniya ya guji ranakun biki.

Ku ɗauki ɗan gwauruwa ko maraya tare da naku. Kuɗin shigar yaro ɗaya ba zai karya ku ba, shi kuwa ba zai manta ba.

Uba, ka sa wayarka cikin aljihu. Mun ga iyaye suna zaune a inuwa kansu a sunkuye, yaransu suna kiransu su zo su gani, ba su ɗaga ido ba. Wannan bai bar kasuwa ba, ya ɗauko ta ya kawo lambu. Ka amsa tambayar yaronka. Idan ba ka sani ba, ku tambayi ma'aikacin wurin tare. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da bai saba hira da ubansa yana ƙarami ba, ba zai kawo masa damuwarsa sa'anda ya girma ba.

Ku riƙe hannun ƙanana a gaban keji, kada kowa ya zura hannu ko ya ƙetare shinge. Kada a jefi dabba ko a tsokane ta da sanda, gama ta Allah ce, a tsare kuma ta ke ba ta da wurin gudu. Kada ku yar da leda a ƙasa. Dabbar da ta haɗiye leda ba ta iya narkar da ita, ta kan toshe mata ciki har ta mutu. Ku bar wurin da kuka zauna da tsabta fiye da yadda kuka same shi. Aikin da aka ba Adamu ke nan.

Ku tuna wurin na kowa ne. Yawancin waɗanda za ku tarar maƙwabtanmu Musulmi ne, su ma da iyalinsu. Ku gaishe su. Ku yi shigar mutunci. Idan lokacin salla ya yi, kada yaranku su yi ta hayaniya kusa da masu salla ko su gitta ta gabansu. A ranar da muka je, wata hajiya ta ga ɗaya daga cikin yaranmu yana kuka ya ɓace mana, ta riƙo hannunsa ta zagaya har ta same mu. Zumunta a ƙafa ta ke, a gaban kejin biri kuwa yaran kowa dariya ɗaya su ke yi.

Samari da 'yan mata kuma, ku tuna a cikin lambu aka yi zunubi na fari. Wanda ya ce wa iyayensa za shi koyon waƙa ya zarce wani wuri a ɓoye, ba hutu ya tafi nema ba. Ku je a fili, da sanin iyaye, cikin ƙungiya.

Kafin ku naɗe tabarma, ku tara yaran ku yi addu'ar godiya gajeriya. Ku bar kowane yaro ya ambaci abu ɗaya da ya gani wanda zai gode wa Allah dominsa.

Mai a-daidaita-sahun nan ya gaya mana daga baya cewa yanzu ya kan ajiye kekensa da azahar ran Asabar ɗaya a wata. Ya ce kuɗin da ya ke samu a ranar sun ragu, ba ya musu. Amma 'yarsa ta fara jiransa a bakin ƙofa tana ba shi labarin makaranta. Ya ce shi dai ya ga ribar.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne ka yi rana domin aiki, ka yi dare domin barci, ka kuma keɓe ranar hutu. Ka gafarta mana inda muka ɗauka da ƙarfinmu mu ke rayuwa. Ka ba marasa aiki aiki, ka ba masu aiki hutu, ka tuna da masu jinya da waɗanda ba su da abincin gobe. Ka juyo da zukatan iyaye zuwa ga 'ya'yansu tun da sauran lokaci. Ka ba garinmu Kano zaman lafiya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.